Jirgin da kakana ya gani a Dakar

Kakana, Allah ya jiƙan shi, mutumin Tawa ne, ƙasar da in ka ga ruwa mai yawa to tafki ne. Faransa ta ɗauke shi soja aka kai shi Dakar. Har ya koma ga Allah, in hira ta kai kan yaƙin Hitila, zancensa ɗaya ne: wani jirgin ƙarfe da ya gani bakin teku, wanda in ya yi harbi sai ka ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarka. Yakan ce mini, "Jikana, wannan ba jirgi ba ne, gari ne." Sunan jirgin bai taɓa zama a bakinsa ba. Sai da na girma na zo Yamai ina koyar da tarihi na gane Richelieu yake nufi, babban jirgin ruwan yaƙi na Faransa.

Tsawonsa ya kusa mita 248. Rannan da la'asar na tsaya bisa gadar Kennedy ina kallon masu kwale-kwale suna tura gora, ina lissafi a zuci: irinsa uku in an jera su, sun kai tsawon gadar nan. Manyan igwoyinsa takwas ne, duka a gaba, bakin kowace milimita 380, faɗin faifai ke nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi aka ƙera shi. Bayan yaƙin duniya na farko aljihun kowa ya yi sanyi, sai manyan ƙasashe biyar suka sa hannu kan yarjejeniya a Washinton a 1922, shekarar da aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka. Aka ce Amurka da Ingila kowace tan 525,000 na manyan jiragen yaƙi, Japan 315,000, Faransa da Italiya kowace 175,000, kuma kada jirgi ɗaya ya wuce tan 35,000. A Paris abin ya yi ciwo: ƙasar da ke da mallaka daga Dakar har Indoshin a ce kanta ɗaya da Italiya? Georges Leygues, wanda ya riƙe ma'aikatar sojan ruwa ta Faransa sau da dama har ya mutu kan kujerar a 1933, ya ɗauki gyaran rundunar tamkar rantsuwa.

Daga nan sai abin ya koma zaman kishiyoyi, kowace idonta na ɗakin 'yar'uwarta. Jamus ta saka jirginta Deutschland a ruwa a 1931. Faransa ta amsa da soma ƙera nata jirgin, Dunkerque, a ƙarshen 1932. Musolini na Italiya ya ga Dunkerque, a 1934 ya sa aka soma jiragen Littorio da Vittorio Veneto. A watan Yunin 1935 Ingila ta yarje wa Hitila ya gina rundunar ruwa da ta kai kashi 35 cikin 100 na tata, ba tare da ta nemi yardar Faransa ba. Watanni kaɗan bayan haka aka aza ƙarfen farko na Richelieu a Brest, tashar jiragen ruwa a Faransa. Kowane shugaba ya ce tsaron gida yake, kuma na yarda tsoron na gaske ne. Amma tsoron kowannensu, aikin ɗan'uwansa ne ya haife shi.

Nan ne zuciyata ke yin nauyi. A 1931, shekarar da ake ta gardamar jirage a Turai, bayan fara ta cinye hatsi a yammacin ƙasar nan, yunwa ta kashe dubban mutane, musamman a ƙasar Zabarma, kuma ba a fasa karɓar lanho ba. Tun 1900 Faransa ta yi doka cewa kowace ƙasar mallaka ita za ta ɗauki nauyin kanta. Wato talakan da rumbunsa ya ƙone shi ke biyan albashin kumandan, alhali a 1932 an samu kuɗin aza Dunkerque. Ina karantar da ɗalibaina shekarun nan biyu a allo guda, da gangan.

Da Jamus ta ci Faransa a Yunin 1940, Richelieu bai ma gama kammaluwa ba ya tsere daga Brest zuwa Dakar. An ƙera shi don yaƙar Italiya da Jamus, amma a watan Yuli jiragen saman Ingila ne suka huda shi. Daga 23 zuwa 25 ga Satumba kuma, manyan igwoyin nan suka buɗe wuta kan jiragen Ingila da suka rako Janar De Gaulle, bisa umurnin gwamna Boisson mai biyayya ga Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta sasanta da Jamus. Har jirgin da aka raɗa wa sunan Georges Leygues yana cikin masu harbin.

Ƙarar da kakana ya ji ke nan. Na taɓa tambayarsa, "Kaka, to ku wa kuke yaƙa?" Ya daɗe yana juya carbi, sannan ya ce an dai ce musu su tsaya bakin ruwa, kada su bari kowa ya sauka. Ya dawo Tawa da bargo ɗaya da gwangwanin shan ruwa. Gwangwanin na wajena, cikinsa nake ajiye alli.