'Yan tsanar adon sanyi: inda aiki ya tsaya a mako na uku

'Yan uwa masu koyo, sannunmu da ƙoƙari. 'Yan tsana uku ne a kan tebur, kowacce tsawon santimita 30. Biyu sun kai matakin sutura, ɗaya ta koma baya saboda kanta ya tsage.

Samfurin da muke bi shi ne ɗan tsohon tatsuniyar nan da mutanen Suwidin ke kira tomte, 'yan Norwe da Denmak kuma su ce nisse. Suna jera shi a taga da kan kanta a watan Disamba: doguwar hula mai tsini, gemu har ciki, hanci kaɗai ke leƙowa. Wanda ba ya son zana fuska ga mutum-mutumi, wannan siffa ta hutar da shi, don hula ta rufe wurin ido gaba ɗaya.

Ƙashin jiki dai waya ce. Ta alminiyam mai kaurin milimita 2 ta fi, a yanko santimita 70 a ninka biyu, a murɗa da filaya daga wuya zuwa ƙugu, ragowar biyun su zama ƙafafu. Hannuwa wata waya ce daban, santimita 26, a naɗa ta sau biyu a kafaɗa. In wayar ɗaurin rodi ce ta samu, a lulluɓe ta da salatif ɗin takarda kaf, kada a bar ko tsinin. Danshin kwaɓin takardar da za a shafa yana sa ta tsatsa, bayan kwana uku sai a ga tabo ruwan ƙasa ya huda farin fenti, kuma ko an sake shafawa sai ya dawo. Ƙafafun a huda katako mai faɗin santimita 10 a soka su, a lanƙwasa ta ƙasa. Gam kaɗai ba ya riƙe su.

Kai ne ya ci mana lokaci. Ana dunƙule takardar alminiyam ta kai girman ƙwan kaza, a danne ta sosai da bayan cokali, a soka a wuyan waya, a naɗe da salatif. Sannan kwaɓi: a jiƙa takardar bayan gida a ruwan ɗumi, a dama ta har ta narke, a matse a cikin tsumma. Gwangwanin madara biyu na wannan, gwangwani ɗaya na farin gam ɗin kafintoci, rabin gwangwani na sitaci, cokali ɗaya na man shafawar jarirai. A murza har ya daina kama hannu. Wasu na sa fulawa maimakon gam don sauƙin kuɗi. Kyankyasai za su gode musu.

Abin da ya tsaga kai na uku abu biyu ne suka haɗu. An shafa kwaɓin da kauri, wajen santimita ɗaya a goshi, aka kuma ajiye shi kusa da taga. Iskar hunturu tana busar da bayan nan da nan ya ƙanƙance, cikin kuwa yana nan danye bai motsa ba, dole fatar ta yage. Masu wannan sana'a a Turai kukansu aiki ya ƙi bushewa, mu namu ya bushe da garaje. Don haka shafi ɗaya kada ya wuce milimita 3, a kifa kwali a kai, a yafa leda sako-sako a daren farko, a bar shi kwana biyu kafin shafi na biyu. Yadda ake gane ya bushe: a ɗora a kunci, in da sauran sanyi-sanyi to da ruwa a ciki. Tsagar da ta riga ta faru ba a cike ta a bushe. A ɗan buɗa ta da reza, a shafa gam da aka sirka da ruwa, sannan a cusa sabon kwaɓi.

Hanci ɗan dunƙule ne kamar gyaɗa mai ɓawo, a kafa shi da guntun tsinken sakace, in ba haka ba ranar goge ƙura zai faɗo. Bayan an goge da sanfefa mai laushi, farin fentin akirilik sau biyu, sannan launin fata.

Gangar jiki ba ta da wuya. Audugar rimi ko ta matashi a naɗa a waya, a ɗaure da zare, a saka a cikin tsohuwar safa. A ƙasan safar a sa ƙullin yashi mai cikin cokali huɗu, saboda hula da gemu suna rinjayar gaba.

Sutura daga rigunan sanyi na gwanjo muka yanko. Hannun riga shi ne hula, bakinsa mai roba ya zauna daidai a kai. Saƙa tana warwarewa da an sa almakashi, shi ya sa ake fara bin layin yankan da ɗinki sau biyu, a yanka a bayansa. A zura siririyar waya cikin hular don ta lanƙwasu yadda ake so. Gemu kuwa zaren ulu fari ne, guda 40 masu tsawon santimita 20, a ninka, a ɗinke a ƙyalle, a warware silin kowanne, a taje da tsohon buroshin haƙori. Gam ɗin kyandir yana kama shi, amma a ɗiga a ƙyallen, kada a ɗiga a ulu, yana daskarewa ya zama gudaji.

Ƙanƙarar ado da ke kan katako: bekin soda, farin gam da farin fenti, kowanne cokali biyu, a dangwala da tsinke. Gishiri yana ƙyalli da farko, amma da damina ta zo zai jawo laima ya narke.

Abin da ya rage shi ne man ƙyalli a hanci da katako. Za a shafa da sassafe kafin ƙura ta tashi, a mayar cikin kwali nan take. Kai na uku yana kwana na biyu a ƙarƙashin kwali, sai jibi za a taɓa shi da sanfefa.