Daga huhun goro zuwa buhun kofi: sana'armu a Ngaundare

Ƙaramin kamfani gare ni a Ngaundare, muna sayen ɗanyen kofi yawanci daga Yammacin Kamaru, mu tsince, mu gasa, mu niƙa ko mu sayar da ƙwayarsa yadda take. Ma'aikata kaɗan ne: yara biyu a wajen injin gashi, mata masu tsinta, da mai kai kaya tasha. Wanda ya leƙo zai ga inji da sikeli da buhuna, ya ɗauka su ne jarin. A wurina babban jarin shi ne harshe. Duk wanda bai iya ɗanɗana kofi ba, sai dai ya sayi abin da aka ce masa mai kyau ne, ya sayar da abin da bai sani ba.

Gidanmu gidan fataucin goro ne. Tun zamanin kakanni Hausawa ke gangarawa ta Tibati da Banyo zuwa ƙasar Bamun da ƙasar Nso su sayo goro su hauro da shi arewa, kuma a wannan hanya na tashi. Abin da mutane da yawa a nan arewa ba su sani ba shi ne, a tsaunukan nan itacen goro da na kofi a gona ɗaya suke zama, tare da ayaba da fiya. Goron ne ke yi wa kofin inuwa. Muna loda huhunan goro, kofi na shanye a tsakar gidan manomin, ba mai kallonsa, domin mu abin da muka sani da sunan kofi shi ne garin Nescafé da mai shayi ke kaɗawa da madarar gwangwani da sukari cokali uku.

A Bafusam na fara zama a teburin masu ɗanɗano, a ɗakin gwaji na wata ƙungiyar manoma. Garin cibiyar kofin arabika ne, wato irin kofin da ake nomawa a tudu mai sanyi, nan ne hedikwatar UCCAO, haɗakar ƙungiyoyin manoman Yamma da aka kafa tun 1958. Wani dattijo da ya daɗe yana aikin ya jera kofuna farare, kowanne da garin kofi giram 8.25, za a zuba masa ruwa mililita 150 mai zafin kusan digiri 93. Ba sukari, ba madara. Da farko a sunsuni garin a bushe. A zuba ruwa, a jira minti 4, sai a sa cokali a fasa ɓawon da ya taru a sama, hanci na dab da kofin, domin a lokacin ne ƙamshin ke tashi gaba ɗaya. A kwashe kumfa, a bari ya ɗan huce, sannan a ɗebo da cokali a zuƙa da ƙarfi har ya fantsama ko'ina a baki, a tofar. Ya ce mini, “Ɗana, kada ka yi saurin magana. Jira ya huce, mai aibi ba ya iya ɓoyewa idan ya yi sanyi.” Na ce, “To, Baba.” Haka kuwa aka yi. Kofin da ya fi kowanne ƙamshi da zafinsa, da ya huce sai warin ƙasa da funfuna ya fito fili.

Abin da ya taimake ni shi ne goro. Ɗan gidan goro ya san cewa ɗaci iri-iri ne: akwai na sabon goro mai yauƙi, akwai na daushe wanda ke barin zaƙi a maƙogwaro bayan an sha ruwa, akwai kuma na wanda sankara ta taɓa. Kofi ma haka yake. Akwai ɗacin da asalin ƙwayar ne, akwai na ƙuna, akwai baurin 'ya'yan da aka tsinka ba su nuna ba. Harshen da ya saba rarrabe na farko ba ya shan wahalar rarrabe na biyu.

Masu wannan fanni a duniya suna ba kofi maki bisa 100, kuma sai ya kai 80 ake kiransa na musamman. Suna da taswirar ɗanɗano cike da sunayen 'ya'yan itatuwan da ba sa fitowa a ƙasarmu. Ban ga amfanin in koya wa yarana sunan abin da ba su taɓa sa wa a baki ba. A littafin shagonmu za ka ga an rubuta: tsamin tsamiya, tsamin zoɓo, yamin lemo, zaƙin dabino, garɗin soyayyar gyaɗa, ƙamshin goruba, baurin ɗanyar kanya. Idan yaro ya ce wannan buhun yana da zoɓo-zoɓo, na san abin da yake nufi, shi ma ya sani, mai saye ma zai gane.

Tafiye-tafiye sun ƙara buɗe mini baki. A Addis Ababa, inda jirgi ke yada zango da 'yan kasuwarmu, na zauna wajen wata mata tana gasa kofi a kasko a gabanmu, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a turmi, ta dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya da suke kira jebena, aka sha zagaye uku ana ƙona turare. A can na ɗanɗani kofin Yirgachefe, mara nauyi, mai ƙamshin fure, har mutum ya yi zaton shayi ne. A Makka da Madina gahawarsu ba ta ko yin baƙi, gashin sama-sama ake yi mata, a sa kayan ƙamshi, a sha da dabino a ɗan ƙaramin finjali. A Njamena kuwa mata masu gahawa a bakin titi gashi mai duhu suke yi, da citta mai yaji da sukari sosai. Ban raina ko ɗaya ba. Kowace al'umma ta san abin da take nema a kofinta. Abin da na ɗauko daga wuraren nan shi ne, duk inda kofi ya yi daɗi, to ba a daɗe da gasa shi ba, kuma wani ya zauna ya tsince shi.

Nan ne ainihin aikinmu yake, kuma nan ne kuɗi ke tafiya. Kofi iri biyu ake nomawa a Kamaru. Robusta, wanda shi ne mafi yawa, yana son ƙasa mai zafi da laima, irin ta Mungo wajen Nkongsamba, da Gabas, har ma da Bankim a nan jiharmu ta Adamawa. Yana da ɗaci da nauyi, sinadarin da ke hana barci a cikinsa ya kusa ninka na ɗan'uwansa arabika. Arabika kuwa sai tudu mai sanyi, daga mita 1,000 zuwa wajen 2,000: Fumbot da ƙasarta baƙa ta tsohon dutse mai aman wuta, Dschang, Santa, Kumbo, da gangaren Dutsen Oku wanda tsayinsa ya haura mita 3,000. A sanyi 'ya'yan ba sa saurin nuna, shi ya sa ƙwayar ke yin tauri, zaƙi da tsami su taru a cikinta. Irin da ake kira Java ya yaɗu sosai a gonakin can, ƙwayarsa doguwa, kuma idan an kula da shi yana ba da kofi mai tsabta.

Kulawar ce ke da wuya. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu ake tsinka. Dole a tsinki ja kaɗai, a bar kore, a dawo wa itace ɗaya sau da yawa. A ranar da aka tsinka a ranar za a ɓare, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu har yauƙin ya saki, a wanke da ruwa mai tsabta, a shanya a kan gado mai raga, ba a ƙasa ba, ana juyawa har laimarsa ta sauko tsakanin kashi 10 da 12 cikin ɗari. Idan ya wuce lokaci a wajen jiƙo sai ya yi tsamin ruɓa. Idan aka shanya a ƙasa sai ya ɗauki warinta. Idan aka ɗure shi da laima sai funfuna. Duk waɗannan ba a cika ganinsu da ido ba, a kofi suke fitowa. Shi ya sa ba na biyan kuɗin buhu sai na ɗebi samfur na gasa na ɗanɗana, ko da manomin aminin mahaifina ne. In ya yi kyau in ƙara masa a kan farashin kasuwa, in gaya masa dalili. In bai yi ba in gaya masa abin da na ji, mu duba tare inda aka samu matsala.

Ba laifin manoma ba ne kaɗai da inganci ya ja baya. A shekarun 1980 Kamaru na fitar da kofi sama da tan 100,000 a shekara. A 1989 yarjejeniyar farashin kofi ta duniya ta rushe, farashi ya faɗi, aka sakar wa kasuwa mara a farkon shekarun 1990, taki da magani suka fi ƙarfin talaka, da yawa suka sare itatuwan suka shuka masara da tumatir. Yau abin da ake samu bai kai rabin na da ba, itatuwan sun tsufa, masu su ma haka. Ga rikicin yankunan masu magana da Ingilishi tun 2016, wanda ya sa zuwa Kumbo da Oku ya zama kasada. Yanzu yawanci a Bafusam ko Fumban nake tsayawa a kawo mini. Da farashin arabika ya haura dala 4 kowane laba a kasuwar New York a farkon 2025, na yi wa manoma murna, amma masu bin ƙauye da kuɗi a hannu sun yawaita, suna sayen ja da kore, busasshe da ɗanye, duk kuɗi ɗaya. Manomin da ake biya haka me zai sa ya wahalar da kansa wajen zaɓe?

Idan buhuna suka iso, mata ke zama da faifai su fitar da baƙar ƙwaya, da wadda ƙwaro ya huda, da fasassa, da tsakuwa. Shugabarsu, wadda duk muke kira Inna, idonta ya fi na kowa. Takan ce, “Alhaji, wannan buhun zai ci mana yini biyu.” Ba na musu da ita. Baƙar ƙwaya ɗaya tana iya ɓata butar kofi guda. Bayan gashi ma ana sake bi, domin wadda ba ta nuna ba takan fito fari-fari, ɗanɗanonta kamar takarda.

Gashin kansa bai wuce minti 10 zuwa 13 a injinmu, amma ba a ɗaga ido. Ƙwayar na tashi daga kore zuwa rawaya zuwa ruwan ƙasa, sannan wajen digiri 196 ta fara ƙara tas-tas. Daga nan daƙiƙoƙi ne ke raba tsamin zoɓo da ƙauri. Lokacin hunturu iska ta bushe, ƙwaya na saurin kamawa, sai a rage wuta. Da damina sai a ƙara haƙuri. Ɗanyen kofi a nan Ngaundare nake ajiye shi, a buhun algarara kan katako, nesa da fetur da albasa da daddawa, domin yana jan wari. Garinmu na kan tudu sama da mita 1,000, akwai sanyi, har ruwa ma yakan tafasa wajen digiri 96, kusan daidai da abin da kofi ke so. Garwa da Marwa da Kusuri kuwa, inda zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, gasasshe kaɗan-kaɗan nake aika musu duk mako, da kwanan watan gashi a jikin leda.

Masu sayenmu sun kasu. Otal-otal da ma'aikatan ƙungiyoyi suna son gashi mai haske. Mutanenmu kuwa sun fi son mai duhu, don haka na haɗa musu arabikar Fumbot da ɗan robustar Bankim, wanda ke jure madara da citta. Ba na hana kowa sukari. Roƙona ɗaya ne ga sabon mai saye: ya kurɓa sau ɗaya kafin ya zuba. Masu shayi ne suka fi wuyar shawo kai, kuma da gaskiyarsu, domin garin gwangwani ba ya buƙatar mataci ko jira, ga layin masu babur da asuba. Yanzu muna gwada musu ƙananan ƙulli na niƙaƙƙe daidai buta ɗaya, da matacin yadi da tela ke ɗinka mana, a dafa a zuba a filas tun kafin sallar asuba. Wasu a kusa da tashar jirgin ƙasa sun karɓa, saboda fasinjojin Yawunde da ke sauka da safe suna tambaya.

Duk Asabar da hantsi muna jera kofuna a shago, yara da mata masu tsinta da duk wanda ya shigo, kowa da cokalinsa. Ba na faɗin daga inda kowane kofi ya fito sai kowa ya faɗi abin da ya ji. A kakar bana ina so in tafi da babban yarona Fumbot, ya zauna da manoma lokacin wanki da shanya, domin daga baɗi shi zai riƙa karɓar samfur yana yanke farashi.