Birki Ba Ya Son Zafi: Ga Ƙannena Masu Saukowa Daga Ɗa'ifa

Yawancin samarinmu da ke tuƙi tsakanin Makka, Jidda da Ɗa'ifa hannunsu ya faɗa a sitiyari. Amma tambayi mutum abin da ke gudana tsakanin tafin ƙafarsa da taya idan ya taka birki, sai ya hau sosa ƙeya. Ni ma da haka na fara.

Idan ka taka, wani baƙin kasko da ke bayan injin, wato sabo, shi ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi, kuma da zuƙar injin yake aiki. Sabo ya tura masta, wato famfon man birki, masta ta matso man birki ta siraran bututu zuwa tayoyi, man ya tura fistin, fistin ya matse fad biyu a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Wasu motocin dram da takalmi gare su a baya, amma duk gogayya ce. Gudun da ka tsayar kuwa zafi yake komawa, kuma a nan gizo ke saƙar.

Tudun Ɗa'ifa ya haura mita 1,800 daga saman teku, na Makka bai kai 300 ba. A gangaren Hada, hanyar dutsen da ke saukowa daga Ɗa'ifa zuwa Makka, nakan saki mota a firi, wai tsimin fetur nake, ƙafata kwance kan birki tun daga sama. Wata rana, wajen kwanar da birai ke zama a kan katanga, wari ya fara shigowa kamar an manta tukunya a wuta. Na taka, sai feda ta tafi ƙasa luf, motar ba ta ko ji ba. Allah ne ya kiyaye: na buga giya ƙasa, na riƙa jan birkin hannu a hankali har na samu gefe.

A warsha, wato gareji, tsohon bakanike ya buɗe robar man, ya ɗiga a yatsa, ga shi baƙi ƙirin. "Yaro, yaushe rabonka da canza wannan?" Ban ma san ana canzawa ba. Man birki yana shan danshin iska, ga Jidda da gumin teku. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa tururi ya cika bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza duk shekara biyu.

To, a gangare ka sa giya ta biyu ko ta uku, mai otomatik ya koma 2 ko L, injin ya riƙe motar. Ka taka sosai ka saki, faifai ya sha iska. Tsimin nan ma ƙarya ne, domin motocin yanzu da kansu suke yanke fetur idan suna gangarawa cikin giya. Kashe injin kuwa hauka ne: taku biyu ko uku ƙarfin sabo ya ƙare, feda ta sandare. Kada kuma ka watsa wa faifai mai zafi ruwa, lanƙwashewa zai yi.

Wani sakacin nawa: da na ga man ya ragu sai in ƙara in rufe. Ashe fad ne ke cinyewa, man yana bin fistin. Na yi ta jin ƙiiii ina ƙara sautin rediyo, har ƙarfe ya ci ƙarfe, kuɗin fad ya zama kuɗin faifai biyu. Idan man ya sauka, a cire taya a duba kaurin fad, a leƙa bututu ko akwai yoyo.

Ranar da ruwa ko hazo ya sauka a Hada ka taka da ƙarfi ka ji feda tana karkarwa, na'urar ABS ce ke aiki, mai hana taya kullewa. Kar ka ɗaga ƙafa, danne ta ka ci gaba da sarrafa sitiyari.