Ogan ɗin da ke fitowa daga ƙarƙashin dandamali

Daga tashar Piccadilly ta Manchester zuwa Stockport tafiyar kamar minti goma ce a jirgin ƙasa. Dab da isa sai jirgi ya hau wata doguwar gada ta jan bulo, wadda aka kammala tun 1840, gari yana can ƙasa. Kawu ya nuna ta taga ya ce, "Ɗana, can za mu gangara. Yau za ka ga abin da ko Turawan nan ba kowa ya sani ba."

Wani gidan sinima za mu, sunansa Plaza, a dandalin Mersey. Da na ji sunan sai na tuna da Plaza ta Kano. An buɗe ta Stockport ɗin a 1932, bayan fim ya fara magana da 'yan shekaru. Daga baya ta zama gidan cacar bingo tsawon shekaru, har mutanen gari suka tashi da aikin sa kai suka dawo da ita yadda take a da.

Mun zauna, aka rage fitilu. Kafin a saka fim sai ƙasan kujerata ya fara rawa da wata murya mai kauri. Daga ramin da ke gaban allo wani dattijo ya taso a hankali, zaune gaban ogan, wato babban abin kiɗa mai madannai da bututu, ya juya mana baya, gilasan da ke kewaye da shi suna sauya launi. Hannayensa na yawo kan jeri uku na madannai, ƙafafunsa na taka wasu a ƙasa. Kamfanin Compton na Landan ne ya ƙera ogan ɗin. Abin da muke gani mazaunin makaɗi ne kawai. Bututan suna ɓoye a ɗakuna bayan bango, wani inji yana hura musu iska yadda mai algaita ke cika kumatu, kuma har da ganguna da ƙararrawa a ciki, duk yatsun mutum ɗaya ke juya su.

A lokacin hutu Kawu ya ba ni labarin. Zamanin da fim ba ya magana, manyan gidajen sinima na da ayarin makaɗa a irin wannan ramin, masu goge da masu busa, suna bin abin da ke allo. Daga 1927 sauti ya shigo cikin fim ɗin kansa, aka sallami dubbansu a Amurka da Ingila cikin 'yan shekaru. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin magidanta ne da suka ƙare rayuwarsu a kan sana'a guda. Mai ogan kuwa ya tsira. Albashin mutum ɗaya ya fi sauƙi, kuma 'yan kallo ba su yarda a raba su da makaɗi mai rai ba. Sai ya koma yin kiɗa kafin fim da tsakanin fina-finai. BBC ma ta kafa nata ogan a 1936, tana watsa kiɗan a rediyo.

Da dattijon ya kai waƙar ƙarshe, wata tsohuwa a gefena ta rera tare da shi, idonta a rufe. Ya ɗaga hannu ɗaya ya gaishe mu, ɗayan bai bar kiɗa ba, ogan ya nutse da shi cikin ramin. Muka fito ana yayyafi, Kawu yana ta maimaita amon a hanci har muka hau tudu zuwa tasha.