Inda Na Kai a Aikin Haɗa Layukan Bugu da Uwar Garke

'Yan'uwa masu koyo, yau mako uku ke nan ina fama da aikin da na ɗora wa kaina a shagon buga takardu na yayana da ke Samaru, wato in tattara duk firintocin shagon a ƙarƙashin kwamfuta guda, ta yadda aikin kowa zai bi ta wuri ɗaya. Tsohuwar kwamfutar da na mayar uwar garke tana ɗauke da Linux, manhajar da ke kula da bugu a cikinta kuwa ita ce CUPS, wadda Michael Sweet ya fitar a 1999, kamfanin Apple ya saye ta a 2007. Ana shiga shafin sarrafa ta ne ta ƙofa mai lamba 631.

Makon farko bai ba ni wahala ba. Babbar firintar shagon sabuwa ce, tana jin yaren IPP, don haka umarnin lpadmin guda ɗaya ya wadatar: na ba layin bugun suna, wato layin da ayyuka ke jira kafin su isa firinta, na rubuta adireshin firintar da ke farawa da ipp://, na ƙara -m everywhere, sai CUPS ta tambayi firintar da kanta girman takardar da take karɓa da ko tana bugu gaba da baya. Abin lura shi ne dole firintar ta kasance a kunne lokacin da ake ƙirƙirar layin, domin idan ba ta amsa ba umarnin ba zai yi nasara ba. Tsohuwar firintar ita ce ta buƙaci direba, wato manhajar da ke fassara mata aikin bugu, kuma na haɗa ta da socket:// ta ƙofa 9100. Ta ukun tana jone da kwamfutar Windows da ke teburin gaba, ita ma na jawo layinta ta smb:// bayan na saka smbclient. Daga nan na buɗe rabawa da cupsctl --share-printers, sauran kwamfutocin suka fara ganin layukan uku.

A mako na biyu ne na gane cewa haɗa layi daban, tsayuwarsa da ƙafafunsa daban. Wata ranar Laraba da azahar, shago cike da ɗalibai masu son buga kundin bincikensu, aka ɗauke wuta ana tsakiyar bugu. Kafin yaron shago ya tayar da janareto minti biyar sun wuce. Komai ya dawo, fitilar firintar ta yi kore, amma ko takarda ɗaya ba ta fito ba. Wata ɗaliba tana tsaye riƙe da filas ɗinta tana duban agogo, yayana kuma ya leƙo ya ce mini, "Kai, wannan sabon tsarin naka lafiya kuwa?" Na ce masa, "Yaya, a yi mini haƙuri kaɗan, yanzu zan gano bakin zaren."

Da na buga lpstat -t sai na ga ayyuka sun taru a layi, shi kuma layin an dakatar da shi. Na kunna cikakken rahoto da cupsctl --debug-logging, na buɗe /var/log/cups/error_log, a nan na tarar matsala biyu ce ta haɗu. Ta farko, rauta ta sake raba adireshi bayan dawowar wuta, ta ba firintar wata lamba daban, alhali uwar garke tana ta ƙwanƙwasa tsohuwar. Ta biyu, ƙa'idar kuskuren layin tana kan stop-printer, ma'ana da zarar aiki ya gaza sai layin ya tsaya cak har sai wani ya tashe shi da hannu. A ganina wannan ƙa'ida ta fi dacewa da inda wuta ba ta yawan yankewa. A wurinmu, inda ake sauyawa zuwa janareto sau da yawa a yini, ba ta da amfani ko kaɗan.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na shiga rauta na keɓe wa kowace firinta adireshi na dindindin bisa lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da na'urar ke zuwa da ita, na gyara adireshin layin, na mayar da ƙa'idar zuwa retry-job, wato a sake gwada aikin da ya gaza, ta hanyar lpadmin, sannan na tashi layin da cupsenable. Nan take takardu suka fara zubowa, har da ayyukan da masu su suka tura sau biyu saboda gajen haƙuri, waɗanda na soke da umarnin cancel don kada a yi asarar takarda da tawada. Ina ba ku shawara ku zare wayar firintar daga bango da gangan a ranar da babu kwastomomi, ku mayar, ku ga ko layin zai farfaɗo da kansa. Ni sau uku na gwada kafin hankalina ya kwanta.

Abin da ya rage mini shi ne layin Windows, domin duk lokacin da kwamfutar ta yi barci aikin yakan maƙale. Niyyata a mako mai zuwa ita ce in cire firintar daga can, in jona ta da uwar garke kai tsaye da wayar USB.