Kafin ka sa ƙafa a likkafa

Yawancin samarin da ke zuwa barga neman a koya musu hawa abu ɗaya ne ya kawo su. Sun tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko a bakin hanya ranar Hawan Nasarawa, sun ga an saki dawaki a guje, an zo an yi zamiya a gaban sarki an yi jinjina, su ma suna so a gan su haka. Babu laifi a wannan sha'awa, ni ma ita ce ta kai ni. Hawan sallar Kano abin alfahari ne, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Sai dai abin da ido ke gani ranar hawa na 'yan mintuna ne. Dokin da ya yi wannan zamiya ya kwashe shekara guda a turke, wani yana tashi da asuba dominsa, kuma a wajen wannan mutumin ilimin doki yake.

Ƙannena, kuskurena na farko shi ne raina aikin barga. Nakan zo ne bayan muri, wato mai kula da doki a barga, ya gama komai: ya kwashe toroso, ya sauya ruwa, ya zuba harawa, ya goge jikin doki, ya cire kaska, ya duba kofato, ya ɗaura sirdi. Ni dai in karɓi linzami in hau. A ganina wancan aikin yaran barga ne, ni mahayi ne. Abin da na rasa saboda haka ya ɗauke ni shekaru kafin na mayar. Wanda yake goge doki kullum shi ne yake sanin inda bayansa ke masa ciwo, da ƙafar da ba ya son a ɗaga, da ranar da ya tashi ba ya jin daɗi. Shi ne ya san in doki ya kwantar da kunnuwa baya ya manna su da wuya, cizo ko harbi na tafe, in kuwa kunne ɗaya na gaba ɗaya na juyowa wajenka, sauraronka yake yi. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa ko daf da goshinsa. Shi ya sa ake tunkararsa ta wajen kafaɗa, ana yi masa magana, hannu na kan jikinsa. Ba a kan sirdi ake koyon waɗannan ba. In ka je barga, ka roƙi a ba ka tsintsiya da buroshi kafin ka roƙi a ba ka doki, kuma ka kira muri Baba ko Malam yadda ya dace da shekarunsa, don shi ne malaminka na gaskiya.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne linzami. Linzaminmu na gargajiya yana da kaifin aiki: ƙarfe ne da ke tokare dasashi, ga zobe da ke matse haɓa, ja kaɗan ya isa ya tsayar da ingarma yana tsakiyar sukuwa. An ƙera shi ne don hannun gwani, wanda zai riƙe shi sako-sako, ya taɓa shi sau ɗaya ya saki. A hannun ɗan koyo kuwa azaba ce. Ɗan koyo bai iya zama ba tukuna, duk lokacin da ya ji zai zame sai ya riƙe linzami ya dogara da shi, nauyinsa gaba ɗaya ya koma bakin doki. Haka na yi wa wani akawali mai haƙuri, na dawo da shi barga kumfar bakinsa ta yi ja da jini. Murin bai ɗaga murya ba. Ya buɗe bakin dokin ya nuna mini inda ƙarfe ya yanka, ya ce, "Yaro, ka ga aikin hannunka." Kwanaki dokin nan bai iya cin harawa sosai ba, kuma bayan ya warke, da zarar an kawo linzami sai ya ɗaga kai sama ya ƙi karɓa. Ni na koya masa wannan hali, wasu suka gaji wahalarsa.

Samari da yawa suna ɗaukar jini a bakin doki alamar an yi hawa na gaske. Ƙarya ce, alamar mahayi bai iya ba ne. Zama shi ne tushe: ka zauna a tsakiyar sirdi, bayanka a miƙe ba tare da ka sandare ba, nauyinka ya sauka zuwa dugaduganka, cinya da ƙwauri su yi wa doki magana kafin hannu ya yi. Malami nagari zai sa a riƙe maka doki da doguwar igiya yana zagayawa, kai kuma ka saki linzami, ka koyi tafiya da sassarfa hannuwanka a kan ƙugu. Abin yana da gundura, kuma abokai za su yi maka dariya. Ka daure. Ranar da ka iya zama a sassarfa ba tare da ka riƙe komai ba, ranar ka cancanci a ba ka bakin doki. Kafin nan, in akwai linzami mai sauƙi, shi za ka nema.

Sai ciyarwa, inda ƙauna ke kashe doki fiye da rowa. Da sallah ta matso na so dokin da aka ba ni amana ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sai na riƙa ƙara masa gero da dawa a ɓoye, ban gaya wa kowa ba. Wani dare aka same shi yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayar cikinsa, yana kwanciya yana tashi, gumi ya jiƙe shi. Allah Ya sa likitan dabbobi ya zo da wuri, ya rayu. A daren na san abin da ya kamata in sani tun farko. Tumbin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girman jikinsa, kuma doki ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya bi ta hanji. An halicce shi ne ya yi ta tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yawancin yini. Don haka harawa da ciyawa su ne abinci, hatsi da dusa ƙari ne. Ƙa'idar da masana ke bayarwa ita ce busasshiyar ciyawa kimanin kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana, wato dokin da ya kai kilo 350 yana bukatar kilo 5 zuwa 7. Hatsi a raba shi ƙananan kaso, kuma duk wani sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin mako guda ko fiye. Hatsin da ya yi yawa, ban da ciwon ciki, yana iya sauka a kofato ya kumbura naman ciki, doki ya gurgunce. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Kada a zuba abinci a kan yashi, don yashin yana taruwa a hanji. Ruwa kuma kada ya yanke: lita 25 zuwa 40 a rana ba abin mamaki ba ne, a zafin bazara ya fi haka. Kanwa da gishiri suna da amfaninsu, amma ka bar wanda ya saba ya auna. Kuma kada ka cika wa doki ciki da hatsi ka hau shi sukuwa nan take.

Ka koyi ɗaura sirdi da kanka. A kakkaɓe shimfiɗar ƙasan sirdi, don ƙwayar ƙaya ko tsakuwa ɗaya ta isa ta buɗe miki a baya. Majayi, wato maɗaurin sirdi da ke bi ta ƙarƙashin cikin doki, a ja shi a hankali, a ɗan zaga da dokin, a sake dubawa, saboda dawaki da yawa kan kumbura ciki lokacin ɗauri. Farin gashin da kake gani tabo-tabo a gadon bayan wasu dawaki, sau da yawa tsohon mikin sirdi ne. Igiyar ragama kuma kada ka taɓa naɗe ta a hannu.

Akwai maganar da samari ba sa son ji. Silifas ba takalmin hawa ba ne. Ƙafa tana zurmawa cikin likkafa, in ka faɗi doki ya ja ka a ƙasa. Ka sa takalmi mai dunduniya, gaban tafin ƙafa kaɗai ya shiga. Hula da rawani ado ne na ranar hawa, ba sa tare kai daga dutse, ranar koyo hular kwano za ka sa. A Katsina, inda Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan ƙwallon doki, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya zama gwanin da har yau ake ambaton sunansa a wasan. Je ka filin ƙwallon doki na Katsina ko Kano ko Kaduna ka duba, duk ƙwarewar 'yan wasan babu mai shiga fili kai ba kwano. Sukuwa a kan kwalta kuwa, wadda na yi a baya kuma nake da-na-sani, zalunci ce ta fuska biyu. Kofato yana santsi a kwalta, jijiyoyin ƙafa suna shan bugu, sannan ga yara da tsofaffi da masu babur a hanya waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ba banza ba hukumomi a Kano suka sha hana kilisa, wato hawan doki na nishaɗi, a titunan gari. Fili mai ƙasa mai laushi, da safe ko da yamma, nan ne wurin gudu, kuma bayan gudu a taka da doki a hankali har numfashinsa ya daidaita kafin a mai da shi turke.

Wajen zaɓen inda za ka koya, kada kayan ado da ke rataye a bango su ruɗe ka. Dubi dawakin da ke turke. Haƙarƙarinsu a fili yake? Akwai ruwa a gabansu? Akwai inuwa? An gyara kofatonsu ko sun yi tsawo sun tsattsage? Tambayi ko ana yi musu allurar rigakafi da maganin tsutsar ciki, da yadda ake kare su daga ƙananan ƙwarin damina masu cizo da magariba, waɗanda ke yaɗa cutar dawaki ta Afirka mai kisa cikin 'yan kwanaki. Mai barga na kirki zai ji daɗin tambayar. Sannan ka lura da dokin da za a ba ka. In an ɗora ka a kan matashin ingarma mai zafi ranar farko don a burge ka, bar wurin. Ɗan koyo tsohon doki mai sanyi yake bukata, wanda ya ga mahaya iri-iri, ba ya razana da ganga ko ƙarar bindiga.

In kuma haya za ka ɗauka da sallah, ka tuna dokin hayar nan wataƙila kai ne na uku da ya hau shi tun safe. Kafin ka biya, sa a ɗaga sirdin ka ga bayansa, ka duba gefen bakinsa, ka sa a taka da shi ka ga ko yana ɗingishi. In ka ga miki ko jini, ka fasa, ko da abokanka sun riga sun hau, ka kuma gaya wa mai dokin dalilin da ya sa ka fasa.