Godiya ga ƴan lise ɗinmu da malamansu

Assalamu alaikum jama'ar Maradi. Sakamakon Bak, jarrabawar kammala lise, wato babbar sakandare, ya fito, kuma Alhamdu lillahi ɗiyata ta ci tun zagayen farko, a seri D, ɓangaren kimiyya. Ana ta kirana ana yi mini barka, ni kuwa na san ba ni kaɗai na yi wannan aiki ba, shi ya sa na ce bari in fito fili in yi godiya.

Kowa ya tuna ruwan ƙarshen watan Agustan 2024, yadda gidajen ƙasa suka dinga zubewa a cikin gari, har aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Namu gidan ɗaki biyu suka faɗi, har da wanda yarinyar ke ajiye littattafanta. Gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, mu kuwa a lokacin maganar lakwal ma ba ta cikin ranmu, wurin kwana muke nema.

Ƴan ajinsu ne suka fara zuwa, tun kafin dangi su gama jin labari. Wata ƙawarta Kirista, wadda iyayenta ƴan Togo ne, ta tsuguna cikin laka tana zaro kaye, wato littattafan rubutu, ɗaya bayan ɗaya, tana shanya su kan tabarma. Waɗanda tawadarsu ta narke ta tafi da su gida, ta sake rubuta darussan da hannunta daga nata kayen. Samarin kuwa suka kama kwaɓa ƙasa da buga tubali. Akwai Bazabarme a cikinsu, da Buzu, da Babarbare, da wani yaron Fulani da ya zo da amalanken babansa don kwashe ɓaraguzai. Suna aiki suna tsokanar juna, Bafulatanin da Babarbaren ba su bar wasan taubasantaka ba ko na minti ɗaya, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Ranar na yi dariya, alhali rabona da dariya tun daren ruwan.

Mu manya mukan ce yaran yanzu ba su san komai ba sai waya. To, da wayar nan suka buɗe zauren WhatsApp na aji, kowa ya kawo abin da ya samu, mai dala ashirin da mai jika guda, aka saya mata yunifom da takalmi. Har yau sun ƙi gaya mini wanda ya ba da nawa.

Mushe, malamin lissafi, Allah Ya saka maka da alheri. Ka riƙe su da darasin yamma kyauta har cikin azumi, ga zafi ga ƙishirwa, ba ka taɓa ƙorafi ba. Madam ta Faransanci, ke ce kika lura yarinyar na gyangyaɗi a aji, kika kira ta gefe kika tambaye ta inda take kwana, ba ki kunyata ta gaban ƴan uwanta ba. Na gode. Shugaban makaranta da ƙungiyar iyayen yara sun ɗauke mana kuɗin da ake tarawa a farkon shekara ba tare da na roƙa ba. Baba maigadi, da Inna mai ƙosai ta bakin ƙofa da ta yi ta ba ta karin kumallo bashi, ku ma ban manta da ku ba. Inna, ki yi lissafi, ina nan tafe.

Wasu daga cikin yaran nan ba su ci ba bana, har da mai amalanke. Ɗana, kada ka karaya. Littattafan ƙanwarka suna nan, naka ne, kuma ta ce in Allah Ya sa ta samu gurbi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan gari, za ku riƙa bita tare.

Ranar Juma'a bayan La'asar za mu yi ƴar walima a gida, ƴan aji da malamai duk ku zo. Mai shebur ɗin nan mai jan ƙota da mai baro, kayanku na wurina tun bara, ku zo ku karɓa.